Tulun da Na Tono a Hatta

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san kun sha jin maganar da take yawo a cikin dangi tun shekarar da aka aurar da Bilkisu 'yar Yaya Sani, wai an taɓa ɗaure ni a Dubai saboda satar zinariya. Wasu sun ce a cikin kwantena aka kama ni da ita. Wasu sun ce tsafi na shiga, ina bin duwatsu ina tonon dukiyar aljanu. Duk na ji, kuma ban tanka wa kowa ba a lokacin. Yanzu da na dawo gida na zauna, gwiwa ta yi nauyi, na ga gara ku ji yadda aka yi daga bakina, domin shekarar nan ba abin kunya ba ce a wurina. A duk zamana na ƙasar Larabawa babu shekarar da nake alfahari da ita kamarta.

A lokacin ina aiki a wani ofishin kago a Murshid Bazar, cikin Deira, inda 'yan kasuwarmu suke kawo kaya a auna, a ɗaure, a tura Kano ko Yamai. Na haura hamsin, kuma aikin duk na zama ne: kujera daga safe har yamma, shayi mai madara da sukari kofi bayan kofi, shinkafa da rana. A farkon 2018 jiri ya kwashe ni a gaban sikeli, na farka a asibiti. Likita ya ce ciwon sukari ne da hawan jini, ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai na riƙa tafiya a ƙasa kullum. Na gwada. Na yi ta zagaya titin Al Rigga ina kallon otal-otal da shagunan canji, amma ni mutum ne da ban iya tafiyar da ba ta da dalili ba. Kafin wata ya ƙare na daina.

Cikin masu kawo mana kaya akwai Elhaji Bubakar, mutumin Agadas, wanda babu kamarsa a ofishinmu wajen yawan kaya. Sana'arsa sayen injinan neman zinariya yana tura wa masu haƙa a hamada. Injin sanda ce mai faifai a ƙasa, da abin sawa a kunne. Kana shafa ƙasa da faifan, in ya bi ta kan ƙarfe sai ya yi kuka. Wata rana aka buɗe kwali aka tarar da guda mariƙinsa ya tsage, mai shago kuma ya ƙi karɓa.

"Bon, Alhaji," in ji Elhaji Bubakar, "wannan apare ɗin, injin nan da ya tsage, ba zan ɗora shi a jirgi ba. Khalas, shi ke nan, ka ɗauka, ko yara su yi wasa da shi."

Na kai gida na ɗaure mariƙin da guntun bututun roba da salatif. Ba yara ne suka yi wasa da shi ba, ni ne. Bayan sallar asuba sai in ɗauka in nufi ƙananan wuraren shaƙatawa na unguwa, inda ake da yashi a ƙarƙashin lilon yara. Wani mai gadi ya gargaɗe ni tun ranar farko cewa kada in taɓa ciyawa, ban kuwa sake taɓawa ba. A hankali kunnena ya koyi yaren injin: ƙusa da waya gurnani suke sa shi, murfin kwalba ya sa shi rawar murya, kuɗi kuwa sauti ne siriri mai daɗi, kamar an taɓa kofin tangaran da cokali. Na tsinci makullai, da maɓallai, da dirhami mai hoton butar gahawa, da ɗan kunnen wata yarinya da na ba mai gadi, uwarta ta zo ta karɓa tana ta godiya. Abin da ban lura ba shi ne ina yin tafiyar da likita ya ce, har ma da ƙari, ba tare da na ji ta ba.

Mahaifiyarku, Hajiya Rakiya, Allah ya saka mata da alheri, ba ta ga abin burgewa ba ko kaɗan.

"Alhaji, don girman Allah," ta ce, "mutum da furfurarsa yana bin wurin wasan yara yana tsintar marafan lemo? In matan Kano da ke zuwa sarin kaya suka gan ka, ina zan sa fuskata?"

"Ki bar ta inda take, Hajiya. Sukarin ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ya sauka. Amma kada in sake ganin wannan tarkacen a cikin kwanon tuwona."

Da sanyi ya shigo a ƙarshen shekarar, wata Juma'a muka hau mota mu huɗu, ni da ita da Nafisa da Kabiru, muka tafi Hatta, garin da ke can cikin duwatsu kusa da iyakar Oman, inda mutanen birni suke zuwa shan iska a bakin madatsar ruwa. Bayan an idar da salla a wani ƙaramin masallaci, na buɗe bayan mota zan ɗauko tabarma, sai wani dattijo mai farin gemu da 'yar sanda siririya ya tsaya yana kallon injin. Ya yi sallama, ya tambaye ni ko abin nan yana ganin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Larabcina na kasuwa ne, amma mun fahimci juna. Sunansa Abu Salim, yana da gonar dabino a gindin dutse. Ruwan sama ya kwararo da tsakuwa ya binne masa kan famfon da ke raba ruwa a gonar, ma'aikatansa sun yi ta tono ba su same shi ba, dabinai na shan ƙishi. Muka bi shi. Kafin matan gidansa su gama zuba wa mahaifiyarku gahawa, injin ya yi gurnani a gefen wata bishiyar lemon tsami, nesa da inda suke ta wahala. Aka tona, ga kan famfo.

Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu ya ce:

"Gonar nan taka ce. Duk ranar da ka ga dama ka zo da sandarka."

Daga nan Asabar ɗina ta zama ta Hatta. Na bar yashin lilo na koma tsakanin dabinai, ina bin gefen tsohuwar kwatar ruwa da suke kira falaj. Abin da ke fitowa a can daban ne: kwanson harsashin tsohuwar bindiga, guntun lauje, ƙaramin kuɗin jan ƙarfe da rubutunsa ya goge. Duk abin da na samu sai in kai wa Abu Salim a kan tabarmarsa, ya juya shi a tafin hannu ya ba ni labarin yadda aka yi amfani da shi a zamanin ƙuruciyarsa. Ni da ba ni da aboki a Dubai sai na ciniki, sai ga ni da aboki na zama.

Ranar da abin ya faru, cikin watannin farko na 2019 ne, da hantsi. A ƙarshen gonar akwai rusasshen bango na dutse da laka, wanda ƙaya ta rufe. Ban taɓa shiga ba sai ranar, saboda an sare ƙayar. Ina kai faifan kusurwar bangon sai sautin nan siriri ya cika mini kunne, da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Na ja baya na sake shafawa, ya sake. Na durƙusa na fara kwashe ƙasa da ɗan cebur, sannan da hannu. Da na kai kamar tsawon kamu sai yatsana ya taɓa bakin tulu, an toshe shi da faffaɗan dutse. Na ce bismillahi na ɗaga dutsen. A sama akwai awarwaro na azurfa mai kauri, ya yi baƙi. A ƙarƙashinsa kuɗaɗe ne manya-manya, jere a kan juna. Na ɗauki ɗaya na goge da bakin riga, sai ga hoton wata mace mai ƙiba da mayafi a ka. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Liyari ne, irin wanda kakarmu take rataya wa a wuya ranar salla a Kano, wanda muke rububin taɓawa muna yara. Ban taɓa sanin kuɗin nan ya ci kasuwa har a duwatsun Larabawa ba.

Na mayar da shi inda yake, na ɗauki hotuna da waya, ban girgiza tulun ba. Na tafi na kira Abu Salim. Ya daɗe a tsaye yana kallo, leɓensa yana motsi. Sannan ya ce a mayar da dutsen a rufe, mu je inuwa.

"Habibi, ka saurare ni," ya ce. "Irin wannan dole a sanar da hukuma, kuma zan sanar. Amma za su tambaya wa ya tono, da me ya tono. Kai baƙo ne, ba ka da takardar izinin wannan injin, kuma aikinka tura kaya waje. Ka san abin da za su fara zato. Ka tafi gida. Zan ce ma'aikatana ne suka ci karo da shi suna gyaran bango."

Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara da iyalina.

Da yamma muna cin abinci na ajiye wayar a tsakiyar ledar cin abinci, na faɗa musu komai. Ba na mantawa da yadda mahaifiyarku ta cire hannu daga kwano. Ku tuna, bizar kowa a gidan a kan tawa take rataye. Nafisa tana shekarar ƙarshe a jami'a, Kabiru yana shirin jarrabawar fita sakandare. In aka soke tawa, duk mun tashi.

"Dattijon nan ya ba ka ƙofa, ka fita ta cikinta," in ji Hajiya. "Ba sata ka yi ba, ba ka ɗauko komai ba. Ka yi shiru kawai. Karatun yarinyar nan za ka sa a caca saboda tulu?"

"Umma, akwai hotuna a wayarsa," in ji Nafisa. "Ma'aikatan gonar ma sun san shi da injin. In aka gano daga baya, lokacin ne zai zama mai laifi na gaske, har da tsohon da ya rufa masa."

"Ke da nake yi dominki!"

"Na sani, Umma. Amma ba na son digirin da Abba zai riƙa sunkuyar da kai saboda shi."

Washegari a ofis na nuna wa Elhaji Bubakar hoton, tunda injinsa ne asali. Idonsa ya yi haske. Ya jawo ni bayan kwalaye ya rage murya.

"Alhaji, kai fa mai kago ne. Kwantenata za ta tashi cikin satin nan, cike da kayan gyaran mota. Wa zai buɗe? Ina da mutum a Yamai da yake saya wa Turawa irin wannan. Ka lallashi tsohon, a raba uku. Voilà."

Na ce masa ba zan yi ba. Ya yi dariya, ya sake faɗa, na sake ce masa a'a. Ya ce bai taɓa ganin Bakano mai gudun arziki ba sai ni. Daga ranar ya kwashe kayansa ya koma wani ofishin, kuma maigidanmu bai yafe mini wannan da wuri ba. Amma maganar Elhaji Bubakar ce ta warware mini zuciya. Da na ji yadda abin yake a bakin wani, sai na ga shirun da ake so in yi da kwantenar da ake so in cika hanya ɗaya suke, ɗaya dai ta fi ɗaya nisa. Sannan ga dattijo mai shekara kusan tamanin zai je gaban hukumarsa ya yi ƙarya domina. Kuma, in faɗa muku gaskiya, akwai wani abu ƙarami a raina: ni na ji sautin nan, ni na ɗaga dutsen. Ban so a ce wani ne ba.

Na kira Abu Salim na ce tare za mu je. Da safen da za mu tafi na fito wanka na tarar mahaifiyarku ta goge mini farar shaddata ta salla da hula, ta shimfiɗa a kan gado. Idonta ya kumbura.

"Tunda ka ƙi ji," ta ce, "to kada ka je musu kamar wanda aka kamo. Ka je kamar mai gida."

Abin da Abu Salim ya faɗa shi ya faru. An karɓe mu da mutunci, an ba mu gahawa, sannan aka karɓi injin, aka karɓi wayata, aka riƙe fasfona har a gama bincike. Da suka ji inda nake aiki sai aka je aka duba sito ɗinmu kwali bayan kwali, a gaban 'yan kasuwa. Maigida ya ce in zauna a gida tukuna, ba albashi. Ban kwana a rufe ko sau ɗaya ba, ku riƙe wannan. A gadona nake kwana, in an kira ni in je in amsa tambaya in dawo. Kuma duk kiran da aka yi mini, sai na tarar Abu Salim ya riga ni isa, ya taso tun daga duwatsu, yana zaune da sandarsa a kan gwiwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne auren Bilkisu ya faɗo a tsakiyar wannan. Ni ne waliyyinta, Yaya Sani ya daɗe da ba ni, na sayi tikiti. Na kira shi da wayar mahaifiyarku na ce ba zan samu zuwa ba.

"Kai ne za ka ba da auren fa," ya ce. "Me zan gaya wa mutane?"

"Yaya, ka gaya musu gaskiya. Hukuma ta riƙe fasfona."

Haka ya faɗa a wurin ɗaurin aure, kuma daga wannan jimlar guda aka gina duk abin da kuka ji. Yaya ya yi fushi da ni har ya daina ɗaukar wayata na wani lokaci. Bilkisu, in kina karanta wannan, rashin zuwana ranarki yana cikin abubuwan da har yau nake jin zafinsu.

Sauyin ya zo ne ranar da aka mayar da mu gonar tare da masu binciken kayan tarihi. Shugabarsu wata Balarabiya ce mai ƙaramin jiki da hular rana a kan mayafi. Ta sa aka buɗe ramin, ta gwada abin da ke cikin tulun da hotunan wayata, ta ga komai yana inda na bar shi, har awarwaron yana kwance yadda yake. Ta ɗago ta dube ni.

"Ka ga wannan duka, ka mayar da murfin ka tafi gida?"

"Na'am."

"Da ka ciro tulun, da rabin abin da zai gaya mana ya tafi. Yalla, maza a ba shi injinsa."

Nan take aka ɗauko shi daga mota, da salatif ɗinsa da komai, aka miƙo mini. Ta ce in bi gindin bangon tare da mutanenta. Muka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, ni ina saurare ina nunawa, su suna tonawa da burushi da ƙananan cokula, shwaiya-shwaiya, wato a hankali, da haƙurin da ban taɓa gani ba. A ƙarƙashin bangon suka samu daɓen wani gida da ya girmi tulun nesa ba kusa ba, da kuɗaɗen jan ƙarfe da fasassun tukwane. Na koyi abubuwa a makonnin nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Bayan haka aka kira ni aka miƙo mini fasfona da wayata. An ja mini kunne a kan tono ba izini, na karɓa, domin gaskiya ne. Sannan jami'in ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, ya ba ni takardar da ta ba ni damar aiki da masu binciken a matsayin ɗan sa-kai duk lokacin da suka fita. Da na fito na kira gida, guɗar mahaifiyarku sai da na janye wayar daga kunne. Maigida ya aiko in koma aiki. Nafisa ta gama karatunta a shekarar, ranar bikin yaye su ina zaune a zauren taron da farar shaddata.

An yanke cewa kayan tulun za a ajiye su a gidan tarihi, da sunan iyalin Abu Salim da sunan wanda ya samo. Kafin a tafi da su, Abu Salim ya yanka raguna ya tara mutanen unguwarsu a gonar, ya gayyace mu duka. Bayan an ci shinkafa sai aka fito da yayarsa a kan keken guragu, wata tsohuwa da ake kira Ummu Khalfan, idonta ya kusa tafiya. Shugabar masu binciken ta durƙusa ta sa mata awarwaron a tafin hannu. Tsohuwar ta shafa shi da yatsu, ta bi zanen da ke jikinsa, ta tsaya a wani wuri da aka taɓa liƙewa. Sai ta fara magana. Ta ce tun tana yarinya kakarta take ba su labarin awarwaronta mai liƙi a gefe. Mijin kakar ya haɗa shi da duk abin da suka mallaka ya binne a shekarar da ake tsoron mahara, ya gangara bakin teku aikin nutson lu'ulu'u, da niyyar in ya dawo ya tono. Bai dawo ba. Kakar ta yi ta tono har ta tsufa, mutane suna cewa babu wani tulu, baƙin ciki ne ya taɓa ta.

"Ashe gaskiya take faɗa," in ji tsohuwar. "Ina wanda ya samo? Ku kawo mini shi."

Na matsa na durƙusa a gabanta. Ta tambayi sunana don ta sa ni a addu'a. Na ce Muhammadu, amma a gida Ɗanjuma ake kirana. Ta gwada faɗa, harshenta ya ƙi. Na ce mata ma'anarsa wanda aka haifa ranar Juma'a. Sai ta juya wajen ƙaninta, shi kuma ya sa hannu ya rufe bakinsa.

"Sunan kakanmu ke nan," ta ce. "Jum'a ya binne, Jum'a ya tono."

Ta ɗaga hannu, duk gonar ta ɗaga, maza da mata, har da ma'aikata. Ta yi wa kakanta addu'a, ta yi wa kakarta, sannan ta yi wa iyayena da ba ta taɓa gani ba a can Kano, da ku, da 'ya'yan da za ku haifa. Ina durƙushe a kan tsakuwa, hawaye yana sauka a gemuna, ina jin amin tana tashi daga kowane gefe har tana dawowa daga jikin dutse.